Abin da Kawunka Ya Yi a Tsakiyar Teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mustafa, ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta. Ina roƙon Allah Ya tsare min kai a gida da waje, a tudu da ruwa, Ya raba ka da sharrin wanda kake gani da wanda ba ka gani. Wannan addu'a kullum ina yi maka ita, ko ina fushi ko ba na yi. Yau kuwa ina fushi, kada ka yi zaton ba na yi.

Rubutu na zaɓa don na ga magana ba ta yi. Duk lokacin da na buɗe baki sai ka ce, "Umma, zamani ya canza," ka mayar da ido kan wayarka. Ni kuma idan raina ya ɓaci muryata tashi take yi, har maƙwabta su san abin da ake ciki. Takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta. Ka karanta ta kafin ka hau motar Legas, ba bayan ka sauka ba.

Na ji duk abin da ka zo da shi. Kawunka Sabi'u ya ba ka aiki, za ka riƙa kula da lodin riɗi da zoɓorodon da yake turawa ƙasashen waje a jirgin ruwa. Ya ce zai sa sunanka a kamfani. Ya kuma nuna ba ya ƙin ganinka da 'yarsa Safiyya. Ka shigo gida bakinka har kunne kamar wanda aka ba kujerar Makka. Mahaifinka ya ce, "Allah Ya sa alheri," ya koma kan ɗinkinsa. Ni kuwa tun ranar abinci bai sake yi min daɗi ba. Haushinka nake ji, ina jin haushin mahaifinka da ya hana ni gaya muku wannan labari tun kuna yara, wai kada a raba ku da dangi. To yau zan faɗa, in ya so ya yi min faɗa.

Sabi'u yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na san shi tun kafin ya san kansa.

Ka san ni 'yar Koki ce. Ka san gidan kakanka Alhaji, Allah Ya jiƙansa, inda ake sauke dilolin atamfa da shadda a soro. Mahaifinka kuwa baduku ne ɗan baduku, nan Yakasai aka haife shi. Farkon ganina da shi an kira shi ne ya auna ƙafar Alhaji. Yana zaune a ƙasa na shigo da ruwa, sai igiyar takalmina ta tsinke. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ajiye shi nan, kafin ki dawo ɗaukar kwanon an gama." Haka kuwa aka yi. Daga ranar takalmana suka kama tsinkewa ba ƙaƙƙautawa, har babata ta fara tambayar wace irin tafiya nake yi.

Da maganar aure ta taso gida ya ɗauki wuta. Sabi'u ne kan gaba. A gabana ya ce, "Duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki kawo mana sai mai warin fata?" Na tsaya a kan bakana. Daga ƙarshe Alhaji ya gaji ya ce, "A ba ta. In ta ji wuya ta san hanyar gida."

Ga kuskurena na farko. Na auri mahaifinka da zuciya ɗaya, amma ban iya barin Koki a Koki ba. Idan na je biki gidanmu, mata ba fuskata suke duba ba, zanen da ke jikina suke duba. Wata ta taɓa tambayata cikin taro, "Binta, har yanzu a ƙafa kike zuwa?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Na dawo Yakasai na juye wa bawan Allahn nan duk abin da na kwaso. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Binta, muna ci, muna sha, ba mu roƙi kowa ba. Me ya rage?" Na ce masa, "Mutunci ya rage." Ni ce na faɗa masa haka, mutumin da duk unguwar nan ake miƙa masa amana ba a neman shaida.

Saboda haka na san abin da ke ranka, Mustafa, kada ka raina min hankali da zancen riɗi. So kake ka shiga gidan kawunka a ce maka ga kujera, kada a sake ce maka ɗan baduku. Ka sani cewa mutanen da suka raina ka don sana'ar ubanka ba za su daina ba don ka sa shadda mai tsada. Sabon abin raini za su samo. Ka nemi arziki don kanka da iyalinka, kada ka neme shi don rufe bakin wasu. Ni na gwada, na ga inda ya kai mu.

A lokacin Sabi'u fatauci yake yi zuwa Gabon. Sukan je Kalaba da kaya a mota, daga nan su shiga manyan jiragen katako su bi teku. Ni da ƙafata na je na durƙusa masa na ce ya taimaki mijina. Na yi tsammanin zai kore ni, sai ga shi yana fara'a. Ya ce, "Ai aikin Habu zai yi kasuwa a can. Ki ce ya tara duk abin da zai iya tarawa, har na abokansa. Mu yi tafiya ɗaya, riba a raba."

Mahaifinka bai so ba. Ya ce shi bai taɓa ganin ruwan da ya fi na kududdufi ba, kuma bai ga dalilin da mutumin da ba ya amsa sallamarsa zai wayi gari yana kiransa ɗan'uwa ba. Na yi kuka, na yi yaji, na ce ba ya son ci gaba. Ya haƙura. Ya yi watanni yana ɗinki, ya bi dukawan unguwa suka ba shi takalma da jakunkuna da tabarmin sallah na fata, kowa bisa amana, har da Malam Tanko, tsohon da ya koya masa riƙon basilla. Ni ma na sa hannu. Takalman mata da ya yi da kansa ni na riƙa yi musu ado da koren zare a baki. Ranar tafiya Sabi'u ya miƙa hannu ya ce, "Kawo fasfonka in haɗa da nawa, kai ba ka san hanya ba." Mahaifinka ya dube ni. Na ce, "Ba shi mana, ai yayana ne."

Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ka riƙe shi da kyau. Idan wanda ya daɗe yana raina ka ya tashi rana ɗaya yana yi maka murmushi, ka tsaya ka tambayi kanka me yake bukata a wurinka. Kada kuma ka taɓa miƙa wa wani takardun shaidarka, ko shi waye, ko da ni ce na ce ka miƙa.

Abin da ya faru a teku ban gani da idona ba. Mahaifinka ya ba ni rabi, wata mata da ke cikin jirgin ta ba ni sauran. Sun yi kwanaki a ruwa a cushe, mutane a kan kaya, kaya a kan mutane. Mahaifinka amai ya yi ta yi har ba ya iya tsayuwa. Da suka kusa gaɓa, da hantsi, jirgin ya tsaya a tsakiyar ruwa aka kashe inji, ƙananan kwale-kwale suka zo kwasar mutane. Sabi'u ya kama kafaɗarsa ya ce, "Habu, ka jigata. Shiga na farkon nan ka je ka huta a tudu, ina biye da kai da kayan." Har ya riƙe masa hannu ya taimake shi ya sauka.

Duk wanda ya saba hanyar ya san abin da kwale-kwalen farko yake nufi. Masu jirgin sukan cika shi da baƙin hanya su tura shi ta inda masu sintiri suke, don hankali ya koma can, sauran su wuce ta wani gefe da kaya. Kawunka ya sani sarai. Ya tsaya a bakin jirgi yana kallo aka kewaye su. Mahaifinka ya ce har ya ɗaga masa hannu yana kiran sunansa, yana cewa ya jefo masa fasfonsa. Sabi'u ya juya baya.

Mutum ba takarda, ba harshen ƙasar, ba kowa. Aka kulle shi tare da wasu, ya yi watanni a tsare kafin a koro su gida. Har yau ba ya cin kifi, kuna ta yi masa tsiya ba ku san dalili ba.

Shi kuwa Sabi'u ya sayar da kayan kaf, ya dawo Kano ya yi ƙiba. Ya zo har ɗakina a Yakasai, ya zauna yana girgiza kai. Ya ce, "Binta, sai haƙuri. Mijinki ya ga duniya ya ruɗe. Muna sauka ya kwashe kayan ya ɓace. An ce min an gan shi da wata mace a can." Na ce ƙarya ne. Ya ce, "To ina yake?" Dukawa suka fara sallama a ƙofar gida, tun suna tambaya cikin ladabi har suka daina ladabin. Ina goyon yayarka a lokacin. Alhaji ya aiko da mota, na shiga, na koma Koki.

Kuskure na uku shi ya fi ci min rai. Na yarda. Mutumin da na zauna da shi, na san ko allurar wani ba ya riƙewa, aka faɗa min magana ɗaya a kansa na gaskata, don wanda ya faɗa jinina ne kuma yana da kuɗi. Can cikin raina akwai abin da yake ce min, ai dama an gaya miki. Ranar da mahaifinka ya dawo garin nan ko gida bai je ba, Koki ya nufo kai tsaye, da kayan da aka kama shi da su a jikinsa. Aka shigo aka ce min Habu yana sallama. Na ce a ce masa ba na nan. Ya zauna a ƙofar soro tun safe har la'asar. Sabi'u ya fito ya kira shi ɓarawo a gaban jama'a. Ina ciki ina jin komai, ban fito ba.

Ka ji ni da kyau. Duk ranar da aka kawo maka magana a kan wanda ka sani ciki da waje, ka je ka dubi idonsa ka tambaye shi da bakinka. Ko gaskiya ce, ya cancanci ka ji daga gare shi.

Allah ne Ya tona. Ranar wani suna a gidanmu, matar Sabi'u ta cire takalmi a bakin ƙofa, idona ya sauka a kan koren zaren da na yi da hannuna. Na ce, "Ina kika samo wannan?" Ta ce, "Tsarabar Gabon ce maigidan ya kawo, da yawa ma, har na rarraba." In Habu ya gudu da kayan, yaya aka yi suka zo Koki? Na yi ta bincike har aka ce min akwai Hajiya Ladi mai turaren wuta a Ƙofar Ruwa, da ita aka yi tafiyar. Na same ta tana daka icen sandal. Da na faɗi ko ni wace ce, ta ajiye taɓarya ta ce, "Wayyo 'yar nan, na zaci kin sani. A gabana aka yi. Na buɗe baki zan ce kada ya shiga, yayanki ya watsa min harara, ni kuma kayana na cikin jirgin." Ta ba ni labarin daga farko har ƙarshe, ta ce a shirye take ta maimaita a gaban kowa.

Na je wurin Alhaji na zayyana masa. Ya ce, "Na ji. Amma Sabi'u ɗana ne, a bar maganar nan a cikin gida. Zan sa a kai wa mijinki wani abu." Na ce, "Baba, sunansa fa? An kira shi ɓarawo a ƙofar gidanka." Ya ce, "Zai wuce." Mahaifina ne, ya riga mu gidan gaskiya, ina yi masa addu'a kullum. Amma a ranar na gane cewa a wurinsu sunan talaka ba abin da za a tsaya a kai ba ne.

Na goya yayarka na fito a ƙafa har Yakasai. Na tarar da mahaifinka a rumfar Malam Tanko yana ɗinki, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Na durƙusa a gaban mutane. Ya daɗe bai dube ni ba. Da ya yi magana cewa ya yi, "Da suka kama ni ban ji tsoro sosai ba. Na ce Binta za ta neme ni." Da ya zage ni, da ya fi min sauƙi. Ya karɓe ni, amma an daɗe kafin ya sake yi min dariya. Abin da Alhaji ya aiko ya mayar. Hajiya Ladi ta zo ta yi bayani a gaban dukawa, suka wanke shi, amma ya rantse sai ya biya kowa kayansa tunda a hannunsa aka ba da. Na sayar da zinarena, shi kuma ya yi shekaru yana ɗinki har idonsa ya taɓu. Wannan tabarau mai kauri da kake gani, can ya samo asali. Sabi'u kuwa da wannan kayan ya kafa jarin da yau kake sha'awa. Har gobe bai taɓa cewa a yafe masa ba.

Yanzu ka gaya min, mutumin da yake da 'ya'ya maza da suka yi karatu a waje, me ya sa sunanka zai sa a kamfani ba nasu ba? Ka taɓa tambayar kanka? Ni ban san harkar jiragen yanzu ba, amma na san cewa idan abu ya lalace, wanda sunansa ke kai ake kamawa. In har ka dage sai ka tafi, to duk abin da za a loda da sunanka ka tsaya a kansa ka gani da idonka kafin a rufe. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba don ana sauri. Kada ka zauna a gidan da ya ba ka har ya zama ba ka da inda za ka in kun ɓata. Ka nemi mutanenka na kanka a can, a masallaci ko a kasuwa, waɗanda ba cin abincinsa suke yi ba. In ya ce yi gaba ina zuwa, ka ce masa a'a Kawu, tare za mu.

Maganar Safiyya kuwa, ba ni da bakin hana ka. Ni ma 'yar masu kuɗi ce da ta so talaka, kuma ban taɓa nadamar auren ba, halina na yi nadama. Abin da nake so ka sani, irinmu muna iya son mutum da gaske, amma ranar da aka ce mu zaɓa tsakaninsa da gidanmu sai mu ja da baya. Kada ka ɓoye mata ko kai waye. Kada ka ci bashin rayuwar da ba taka ba don ka burge ta.

Jiya kana wurin abokanka kuna bankwana, na yi abin da na yi shekaru ban yi ba, na taka gidan kawunka. Na same shi a falo da iyalinsa. Ban zauna ba. Na faɗi labarin nan duka a gabansu. Ya yi dariya ya ce, "Haba Binta, har yanzu? Ai gyara nake yi, shi ya sa na ɗauki ɗanki." Na ce, "In gyara kake so, tashi mu je Yakasai ka zauna gaban Habu ka faɗi abin da ka yi." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni?" Wannan ita ce amsarsa, kalma ɗaya. Na juya na fita.

Ina bakin titi ina tsayar da adaidaita na ji taku a bayana. Safiyya ce, ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba. Ta ce, "Gwaggo, gaskiya ne?" Na ce, "Kin ji ya ƙaryata?" Sai ta shiga ta zauna kusa da ni. Har gida muka zo. Ta wuce rumfa ta durƙusa gaban mahaifinka tana kuka, ta ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Ka yafe mana." Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya ce, "Tashi 'yata, ke ba kya cikin jirgin." Ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da aka kira magariba. Tun da abin nan ya faru, ita ce mutum ta farko daga gidanmu da ta nemi gafararsa ban da ni.

To ka ji. Yarinyar na yarda da ita. Ubanta ban yarda da shi ba, kuma ba zan yarda ba har in koma ga Allah. Kai ba yaro ba ne, ba zan ɗaure maka ƙafa ba. Ban amince da tafiyar nan ba, kada ka je ka ce wa kowa na amince. Amma ba zan bari ka fita daga gidan nan ba albarka ba.

Allah Ya yi maka albarka, Mustafa. Allah Ya kai ka lafiya in ka tafi, Ya dawo min da kai da mutuncinka. Allah Ya buɗe maka ido a inda namu ya rufe, Ya haɗa ka da masu tsoronSa, Ya tsare ka daga zaluntar wani, Ya tsare ka daga wanda zai zalunce ka ko da ɗan'uwanka ne. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Binta